Yadda Ake Mayar Da Tsohon Injin Mota Ya Zama Janareta

A garuruwa da ƙauyuka da yawa, wutar lantarki ba ta da tabbas. Wasu wuraren ma turakun waya ba su kai can ba. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, mutane suke kuka da ɗaukewar wuta. A 2013 an damƙa rarraba wutar ga kamfanoni masu zaman kansu, amma har yanzu mai walda da mai sayar da ƙanƙara da tela sukan wuni suna jira.

Sabon janareta babba yana da tsada. Shi ya sa wasu masu dabara suke sayen injin tsohuwar mota mai shan gas, su haɗa shi da kan janareta, su sami wuta. Abin yana yiwuwa, kuma yana aiki. Amma fa ba a kansa ake shiga ba tare da sani ba. Wanda ya yi shi da ka zai yi asarar kuɗi, ya ƙona kayan mutane, ko ma a rasa rai.

Me ya sa injin gas?

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro irin wannan inji. A 1897 injinsa ya fara aiki sosai. Daga sunansa aka samo kalmar dizal, wato man da ake kira gas a nan.

Injin fetur yana bukatar fulogi ya ba da tartsatsi kafin mai ya kama. Injin gas ba haka yake ba. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai. Daga nan sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Saboda wannan matsi, akan ƙera injin gas da ƙarfe mai kauri. Yana da juriya, kuma bai kai na fetur shan mai ba. Haka nan gas ba ya saurin kamawa da wuta kamar fetur, don haka ajiye shi ya fi sauƙi.

Sau da yawa jikin mota yakan mutu ya bar inji da sauran ƙarfinsa. Irin wannan injin ake nema.

Wane inji ya dace?

Tsohon inji mai sauƙin sha'ani ya fi. Wato wanda famfon injektansa yake aiki da ƙarfe zalla, babu kwamfuta a ciki. Injinan motocin zamani suna da na'urar kwamfuta da wayoyi barkatai. In aka raba su da jikin motarsu, tayar da su sai ƙwararre.

Waɗanda aka fi samu su ne na fijo 504 mai shan gas, da na bas ɗin J5, da tsohuwar marsandi 200D ko 240D, da na Toyota Hilux ko Hiace na da. Kamfanin fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, shi ya sa bakanikan da suka san fijo suke ko'ina a Arewa. Sai dai a lura, galibin fijo 504 da suka yi yawo a ƙasar nan masu shan fetur ne. Kada a saya sai an tabbatar na gas ne.

Akan sami irin waɗannan injina a kasuwannin kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Mai saye ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, kuma a tayar da injin a gabansa. Ga abin da za a duba:

Na ɗaya, a tayar da shi da sanyinsa, kafin kowa ya ɗumama shi. Lafiyayyen inji ba ya wahalar tashi.

Na biyu, a dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin yana shan baƙin mai, wato ringi ya cinye. Farin hayaƙin da ba ya yankewa yana nuna ruwa na shiga silinda, ko kuma mai ba ya ƙonewa daidai. Baƙin hayaƙi kuwa yawanci laifin nozul ne ko famfon injekta ko toshewar matatar iska.

Na uku, a zaro sandar auna baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya haɗu da shi. Wataƙila gaskit ya ƙone, ko kan injin ya tsage.

Na huɗu, a tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kusa. Araha ba ta ado. Injin da babu kayansa a kasuwa, ranar da ya tsaya ya zama gungumen ƙarfe.

Inji kaɗai ba ya ba da wuta

Aikin inji juyawa ne kawai. Abin da yake haifar da wutar shi ne kan janareta, wanda masu gyara suke kira altaneta. A cikinsa akwai maganaɗisu da naɗin wayar tagulla. In maganaɗisun yana juyawa a tsakiyar naɗin wayar, sai wuta ta fito.

Kada a ruɗe da ƙaramar altaneta da take jikin injin mota. Ita aikinta cajin batir ne mai folt 12. Wutar gida kuwa folt 230 ce. Dole a sayi babban kai daban, sabo ko na hannu.

Sauran kayan da ake bukata su ne lagireto da fanka, batir da kik, tankin mai da matatarsa, matatar iska, salansa, ƙarafan da za a yi gado, robobin da ake ɗora inji a kai, da akwatin mita da bireka.

Gudun inji shi ne sirrin aikin

Nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Wutar lantarki ta Nijeriya da Nijar tana kai da komowa a cikin waya sau 50 a kowane sakan. Da wannan lissafi aka ƙera fanka da firji da injin ban ruwa da ake sayarwa a nan. Kafin kan janareta ya ba da wannan 50 ɗin, sai ya yi juyi daidai da abin da aka rubuta a jikinsa. Wani kan yana son juyi 1,500 a minti ɗaya. Wani kuma 3,000. Akwai ɗan allon ƙarfe a jikinsa da yake nuna haka. Mai juyi 1,500 ya fi dacewa da injin mota, don bai cika ƙara ba, kuma injin zai fi daɗewa.

To, a mota direba ne yake riƙe gudu da ƙafarsa. In ya zo hawa sai ya ƙara taka totur. In ya zo gangara sai ya sassauta. Janareta ba shi da direba. In aka ɗaure totur da waya wuri ɗaya, ga abin da zai faru. Da an kunna abu mai nauyi, injin zai ja baya, wuta ta yi ƙasa, firji ya yi ta gurnani har ya ƙone. Da an kashe abin kuma, injin zai zabura, wuta ta hau, ƙwayayen fitila da talabijin da cajar waya su tafi.

Maganin wannan shi ne na'urar da ake kira gwamna. Ita ce direban janareta. In nauyi ya ƙaru sai ta ƙara mai. In ya ragu sai ta rage. Da haka gudun yake tsayawa wuri ɗaya. Injin Lista na niƙa da gwamnansa ake ƙera shi. Shi kuwa famfon injekta na yawancin ƙananan motoci, gwamnan da ke cikinsa yana hana inji mutuwa ne in yana tsaye, ya kuma hana shi wuce iyaka. Ba a yi shi don riƙe gudun janareta ba.

Saboda haka sai an ƙara masa wani. Akwai gwamna na ƙarfe wanda bel yake juyawa, yana jan totur da sanda. Akwai kuma na lantarki, mai ƙidaya haƙoran fulawil yana daidaita mai. Na lantarkin ya fi kyau, amma ya fi tsada. Ko wanne aka zaɓa, kada a ba gida wuta sai an sa shi. A kuma sa mita biyu a akwati. Ɗaya ta nuna folt, ta tsaya kusa da 230. Ɗaya ta nuna kai da komowar wutar, ta tsaya kusa da 50.

Yadda ake haɗa inji da kai

Hanya ta farko ita ce haɗawa kai tsaye. A jera injin da kan a layi ɗaya, a haɗa su da mahaɗi mai roba a tsakiya. A nan injin zai yi juyi 1,500, kan ma haka. Wannan hanya ba ta da yawan gyara. Amma tana son saiti na gaske. In layin ya karkace ko kaɗan, boris zai cinye cikin 'yan makonni.

Hanya ta biyu ita ce ta fuli da bel, irin ta injin niƙa. Amfaninta shi ne injin zai iya gudu fiye da kan, a inda ya fi ƙarfi. Lissafin ba wuya. A ninka gudun inji da faɗin fulinsa, sannan a raba da faɗin fulin kan. Misali, inji yana juyi 2,000, fulinsa inci 6 ne. 2,000 sau 6 ya ba da 12,000. In fulin kan inci 8 ne, a raba 12,000 gida 8. Amsa 1,500 ke nan. Bel ɗaya ba ya isa babban kai. Akan sa biyu ko uku a jere, kuma a rufe su da ragar ƙarfe. Bel ba ya tambaya kafin ya kama babbar riga ko gyale ko hannun yaro.

Gadon da za a ɗora su ya zama na ƙarfe mai kauri, mai walda ya yi shi sosai. A zuba daɓen siminti, a ɗaure gadon da kusoshi, a sa robobi tsakanin inji da gado don rage girgiza.

Ƙarfin da za a samu

An rubuta cewa injin fijo 504 na gas mai lita 2.3 yana da ƙarfin doki 70. Amma sai yana juyi 4,500 a minti yake ba da wannan ƙarfi. A juyi 1,500, abin da zai bayar bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba. Duk da haka ya isa ya ja kai mai kVA 10 ba tare da wahala ba. Kan da aka rubuta wa kVA 10 yakan ba da wajen wat 8,000.

Kafin a sayi kai, a zauna da takarda da biro a rubuta duk abin da za a kunna. Kowane kayan lantarki akwai lambar wat a jikinsa. Ƙwan fitila na zamani yana shan wajen wat 10. Fankar sama wajen 75. Dutsen guga wajen 1,000. Injin jan ruwa mai doki ɗaya wajen 750. A tuna, duk abin da yake da mota a ciki, kamar firji da injin ruwa, yakan ja ninki uku ko fiye a lokacin tashi. Don haka a bar sarari, kada a cika wa janareta kaya har wuya.

Lissafin mai: gida ɗaya ko unguwa?

Wannan tambaya ita ya kamata a fara amsawa tun kafin a je kasuwa. Injin mota babba ne. Ko ba a ɗora masa komai ba, yakan sha kusan lita ɗaya a awa don juya kansa kawai.

A ɗauki gida mai ƙwai 4, fanka ɗaya, talabijin ɗaya da cajin waya. Duka bai wuce wat 225 ba. In wannan gida kaɗai aka tayar wa injin na awa 4, an ƙona wajen lita 4 a dare ɗaya. Asara ce. Bayan haka, injin gas ba ya son aiki marar nauyi. In ya daɗe a haka ba ya yin zafin da ya kamata, mai ba ya ƙonewa duka, sai baƙin danƙo ya riƙa tsiyaya daga salansa, injin ya lalace da wuri.

Yanzu a ɗauki gida 20 masu irin wannan kaya. Jimla wat 4,500 ke nan. A irin wannan nauyi injin zai sha wajen lita 2 a awa, wato lita 8 a awa 4. In aka raba wa gida 20, kowane gida bai kai rabin lita ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke nan, irin wannan janareta ya fi dacewa da unguwa, ko layin shaguna, ko ƙungiyar manoma mai rijiyar burtsatse, ko gidan da ake sana'a a cikinsa. Wanda yake son fitila da cajin waya na gidansa kaɗai, faifan sola da batir ya fi masa sauƙi. A tuna, a shekarar 2022 kaɗai farashin gas a Nijeriya ya ninka fiye da sau biyu. Mutane da yawa sun rufe injinansu saboda haka.

In za a yi na haɗin gwiwa, a rubuta yarjejeniya. Nawa kowa zai biya? Wa zai riƙe kuɗi? Ƙarfe nawa za a tayar, ƙarfe nawa za a kashe? A ware wani abu kowane mako don gyara. A sa wa kowane gida fiyus ko ƙaramar bireka, don kada wani ya jona dutsen guga a ɓoye ya jefa kowa a duhu.

Zafi da ƙura

Mota tana samun iska ne saboda tana tafiya. Janareta a tsaye yake. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yakan wuce digiri 40, ƙaramin lagireto ba zai isa ba. A nemi wanda ya fi na motar girma, a sa fanka mai ƙarfi, a bar fili gabansa don iska mai zafi ta fita. A sa agogon zafi da fitilar baƙin mai a inda mai kula zai gani. Kada a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, ruwan zai watso ya ƙona fuska.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ƙurar da ta shiga silinda tana cin ringi kamar sanfefa. Kada a tayar da inji babu matatar iska, kuma a riƙa kakkaɓe ta a kai a kai.

Mota da tafiyarta ake lissafin juyen mai. Janareta kuwa da awa. A ajiye littafi a riƙa rubuta awannin aiki kullum. In an kai awa 100 zuwa 150, a juye baƙin mai, a canza filta. A sayi gas mai tsabta a gidan mai, a bar shi ya kwanta kafin a zuba. Ruwa da datti su ne suke kashe nozul da famfon injekta. Kada kuma a bari tanki ya ƙafe, don iska za ta shiga bututu, sai an fitar da ita kafin injin ya sake tashi.

Abubuwa uku da suke kisa

Na farko shi ne hayaƙi. A cikin hayaƙin kowane inji akwai wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini sai ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. An sha samun iyali guda sun kwanta lafiya, gari ya waye babu mai rai, saboda an kunna janareta a ɗaki ko a zaure. Injin gas bai kai na fetur fitar da wannan guba ba, amma a rufaffen wuri shi ma yana kisa. A yi masa rumfa a waje, mai shan iska ta kowane ɓangare. Ta yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, wato kamar taku 8 na babban mutum. Bakin salansa ya kalli nesa da ɗakuna, har da na maƙwabta. Kada mai gadi ya kwana a rumfar. In mutanen gida suka fara ciwon kai da jiri da amai a lokaci ɗaya, a fitar da su waje nan take, a kashe injin, a garzaya asibiti.

Na biyu shi ne mayar da wuta kan layi. A garin da yake da wutar gwamnati, kada a soka wayar janareta a soket ɗin bango. Wutar za ta bi waya ta fita zuwa turke. In ta isa taransifoma, za ta iya hawa har folt 11,000. Ma'aikacin da yake gyara a kan turke, yana zaton babu wuta, shi ke nan. In kuma aka kawo wuta ba zato, kan janareta zai ƙone. Dole a sa canjoba, wato makunnin da yake raba gida da layin waje kafin ya karɓi wutar janareta. A kuma kafa sandar tagulla a ƙasa mai danshi, a haɗa ta da gadon injin da waya mai kauri. Wannan aiki na ƙwararren mai gyaran wuta ne, ba na ɗan koyo ba.

Na uku shi ne gobara da zaburar inji. Kada a zuba mai injin yana aiki. A ajiye jarkoki nesa da salansa, a tanadi bokitin yashi a kusa. Ba a kashe wutar mai ko ta lantarki da ruwa. Haka kuma, tsohon injin gas yakan iya fara shan baƙin mansa, ya yi ta ƙara gudu ko an datse masa gas. In haka ta faru, a toshe bakin shigar iska da faffaɗan katako, zai mutu. Kada a yi da tafin hannu. A rataye katakon kusa da injin tun ranar farko.

Kafin a fitar da kuɗi

Aikin yana bukatar mutum uku: bakaniken gas, da mai walda, da mai gyaran wuta. A tara su wuri ɗaya, kowa ya faɗi kayan da yake so da kuɗin aikinsa. A haɗa jimla, har da kuɗin gwamna da canjoba da rumfa. Sannan a je a tambayi farashin janareta na hannu mai irin wannan ƙarfi, da kuma farashin sola. In bambancin kaɗan ne, gara a sayi wanda kamfani ya haɗa.

In an gama haɗawa, kada a fara gwaji da talabijin ɗin mutane. A fara da ƙwayayen fitila, sannan dutsen guga, ana kunnawa ana kashewa, ido yana kan mita. In allura ta tsaya kusa da 230 da 50, aiki ya yi. In tana rawa, a koma kan gwamna. Sai ta natsu sannan a ja waya zuwa gidaje.